Sallama Kafin Ƙaura: Amsar Baffa ga Ɗansa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce wurin aiki sun mayar da kai Legas, nan da mako shida za ka kwashe iyali daga Kano, kana tambaya ko ya wadatar ka yi 'yar walima ka tura saƙon bankwana ta WhatsApp, ko sai ka bi gida gida. Walima ba laifi ba ce, amma ba ita ce sallama ba. Sallama sauke haƙƙi ce, kuma zumunci a ƙafa yake. Wanda ya ji labarin tashinka a bakin wani, ko ya gani a waya tare da mutum ɗari, ya san matsayin da ka ba shi, kuma ba zai manta ba.

Ka fara tun yanzu, kada ka bari sai an ɗaure kaya. Kuskuren da yawancin matasa ke yi shi ne tara komai a kwana biyun ƙarshe, sai gajiya ta sa a tsallake gidaje, kuma gidan da ake tsallakewa kusan kullum na gwaggo ne ko inna tsohuwa da ba ta iya fita, wadda ita ce ta fi kowa jin ciwon abin.

Iyayenka ne farko, kuma wurinsu izini da albarka kake nema, ba labari kake kai musu ba. Daga nan sai surukanka. Ka je da kanka, kai kaɗai ko da wani babba daga cikinmu, kafin iyalinka ta faɗa musu. 'Yarsu za ka kai nisan kusan kilomita 1,000, don haka ka gaya musu unguwar da za ku zauna, wa kuka sani a can, da lokacin da za ta riƙa zuwa ganin gida. Kada ka yi alkawarin da ba za ka iya cikawa ba. In sau ɗaya a shekara ne, da babbar Sallah, ka faɗi haka. Sannan baffanni, kawunnai da gwaggonni, babba kafin ƙarami. Ka sayi ƙwarya biyu ta goro, wato guda 200, ka ƙulla biyar biyar ko goma goma, tsofaffi kuma ka haɗa musu da ɗan abin sayen sabulu. A kowane gida kalmar da ba a bari ita ce neman gafara: “In na yi muku wani laifi, da sani ko ba da sani ba, ku yafe mini.” Ka durƙusa ka faɗa, ka jira amsa.

A unguwa, ka sami liman kwana uku ko huɗu kafin tafiya, ya sanar bayan sallar Magariba ko Isha'i a yi muku addu'a. Ka leƙa wurin mai unguwa, domin ya san gidan ya zama kango ko ya canza hannu. Maƙwabtan da kuke haɗa katanga kuwa ba sanarwar masallaci ce za ta wadatar da su ba, sai ka tsaya a ƙofar kowannensu.

Inda na fi so ka natsu shi ne bashi da amana, don nan ne sunan mutum ke ɓaci bayan ya tafi. Ku zauna kai da matarka da takarda. Mai shago, mai kayan miya, ɗan ga-ruwa, tela, mai wanki da guga, kuɗin wuta, kuɗin 'yan sintiri: a biya kowa, ko naira ɗari ce. In tana cikin adashi kuma ta riga ta kwasa, dole ta biya sauran zubin gaba ɗaya, ko ta tsayar da wadda za ta riƙa zuba mata a gaban uwar adashi. In ba ta kwasa ba, a daidaita yadda kuɗinta zai same ta. Haka zancen biki: matan da suka yi mata gudummawa ranar aure ko suna suna jiran ramuwa, don haka ta bar wa mahaifiyarta ko yayarta sunayensu, duk wadda hidimarta ta taso a kai a madadinta. Turmi, tabarya, babbar tukunya, tsani, duk abin aro ya koma gidansu. Mai gidan haya ka sanar da shi da wuri, ku zagaya ɗakunan tare, ka miƙa makulli a gaban shaida.

Kayan ɗaki nata ne, iyayenta suka yi mata. Ko kuɗin mota ya fi ƙarfin gado da kujeru, kada ka sayar da ko cokali sai da yardarta da sanin mahaifiyarta. Aure da yawa sun sami tsaga daga nan.

Ka ba ta kwana biyu ko uku a gidansu, da wuni guda na zaga dangi da ƙawaye tare da yaran. In ta yi kuka kada ka hana ta, sabo ake yi wa kuka. Yaran ma a kai su su yi sallama da malaminsu na Islamiyya, ya rubuta surar da kowanne ya tsaya, a karɓo takardar canjin makaranta da sakamakon zangon ƙarshe daga ta boko. Katin rigakafinsu ya zauna a jakar hannu, kada ya shiga cikin kayan da babbar mota za ta ɗauka. Kai kuma ka ware safiya ɗaya ka ziyarci maƙabarta ka yi wa kakanninka addu'a.

Guzuri za a kawo muku da yawa: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, man shanu, dambun nama. Ku karɓa duka da godiya, ko mudu ɗaya ne daga hannun mai ƙaramin ƙarfi. Sai dai iskar Legas da laima take, abin da ke shekara lafiya a Kano can sai ya yi fumfuna cikin 'yan makonni. A ƙara shanya su sosai, a zuba a robobi masu murfi. Goro kam kada ka ɗauka, daga kudu yake zuwa mana, Hausawan Agege ma cinikinsa ne ya zaunar da kakannin da yawansu.

In da hali ku tashi ranar Alhamis da sassafe, don Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son fita tafiya ranar Alhamis, kuma ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. A yi sadakar waina ko ƙosai ga yaran unguwa da almajirai. Masu rakiya su ce maka: “Astaudi'ullaha dinaka wa amanataka wa khawatima amalika.” Kai kuma ka amsa: “Astaudi'ukumullahal lazi la tadi'u wada'i'uhu.” Kuna yin ƙasaru a hanya, amma da kun shiga Legas da niyyar zama sai ku cika sallah.

Da kun sauka, kira na farko na mahaifiyarka ne, na biyu na surukanka. Cikin makon farko ka gabatar da kanka ga limamin masallacin da ke kusa, in kuma a Agege ko Idi-Araba kuka sami gida, ka nemi wanda zai kai ka gaisuwa wurin Sarkin Hausawa. Ka turo mini kwatancen gidan in kun natsu. Allah ya kiyaye hanya, ka gaida iyalin da yaran.