Garantin baki ne ya cinye ribar hitocinka

Wani ɗan kasuwa ya rubuto mini daga Sabon Gari, Zariya:

"Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan wuta. Hunturun da ya wuce na sayar da hitar ruwan wanka ta bango guda 40, ribar kowace kamar ₦12,000. Duk wanda ya saya ina ce masa akwai garantin shekara ɗaya. Kafin zafi ya shigo guda tara sun dawo. Shida elemen (ƙarfen da ke ɗumama ruwan) ya ƙone, gyaran kowace ₦18,000. Ɗaya tamosta ce (na'urar da ke daidaita zafi), ₦12,000. Biyu tanki ke yoyo, dole na ba da sababbi, ₦130,000 kowace. Dilan da nake sari a wurinsa a Kano ya ce ba ruwansa tunda ba kati ba rasit. Ɗan yayana ne ke kafa wa mutane. Yanzu ina so in ci bashin banki, mu haɗa da wani abokina mu sauko da kwantena daga Sin da sunanmu a jiki, in huta da dillalai. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye maganar kwantena tukuna, mu ƙirga abin da ke hannunka. Hita 40 sau ₦12,000, ₦480,000 ke nan. Gyara da canji sun lashe ₦380,000. Abin da ya rage maka bayan wahalar hunturu guda ₦100,000 ne, wato ₦2,500 a kan kowace hita, ban ma cire kuɗin motar Kano ba.

Kuma ba dila ne ya cuce ka ba. Ranar da ka buɗe baki ka ce "akwai garantin shekara ɗaya", bashi ka ɗauka, bashin da ba ka san yawansa ba, ba ka rubuta ba, ba ka faɗi iyakarsa ba. Sau 40 ka yi haka. Kai da mai saye kowa da abin da ya fahimta: kai kana nufin idan kamfani ya yi kuskure, shi kuwa ya ji cewa ko yaronsa ne ya ƙona ta, kai za ka biya. In aka zo gardama a bakin shago, mutane sun taru, ba takarda, mai shago ne ke jin kunya ya zaro kuɗi.

Ka taɓa zama ka karanta katin da ke cikin kwalin? Garantin kamfani na aibin da aka fito da shi daga masana'anta ne. Galibi ba ya ɗaukar kuskuren mai kafawa, ko kunna hita babu ruwa a ciki, ko wutar da ta zo da ƙarfi, ko farin dattin da ruwan rijiyar burtsatse ke tarawa a jikin elemen, ko hitar da wani mai gyara ya riga ya kwance. Sau da yawa ma wa'adin tanki daban ne da na kayan wutar ciki, na tankin ya fi tsawo. Kai ka haɗe su duka ka ɗora a kanka, alhali kamfanin da ya ƙera abin bai yarda ya ɗauki rabin wannan ba.

Elemen shida cikin wata uku ba ƙaddara ba ce. Sabon elemen bai cika mutuwa haka kawai ba. Abin da ya fi kashe shi shi ne ya yi zafi babu ruwa, kuma mintuna kaɗan sun isa. Ka san zaman ruwa a Zariya: tankin sama ya ƙare, ana jiran wuta a buga famfo. A bakin bututun ruwan sanyi akwai wani ɗan bawul da ke zuwa tare da hitar, aikinsa biyu, hana ruwa komawa baya da kuma sakin matsi idan ya yi yawa. In mai kafawa ya bar shi a kwali, ruwan cikin hita zai iya zurarewa ta baya ranar da tankin sama ya bushe. Wuta ta dawo da tsakar dare, makunni na kunne, da asuba maigida ya kira ka. Wasu kuma sukan toshe bakin bawul ɗin don yana ɗiga, matsi ya rasa mafita, tankin hitar ya fara yoyo. To tankunan nan naka biyu, ɗayan biyu ne. Ko an toshe bawul, laifin mai kafawa ke nan. Ko aibin masana'anta ne, wanda da katinka na hannu da hatimi, kamfani ne zai biya ₦260,000 ɗin, ba kai ba. Yau ba ka iya cewa wanne ne, don ba ka rubuta komai ba.

Ban ce ɗan yayanka mugu ne ba. Amma shin ka taɓa bin sa ka ga aikinsa ko sau ɗaya? Da bare ne da tuni ka tsare shi da tambaya. Saboda ɗanka ne, kana biyan sa kuɗin kafawa, kana kuma biyan sa kuɗin gyaran abin da wataƙila shi ya ɓata.

Shekarun baya na san wani mai shago a wajen PZ a Zariya, mutumin kirki, hannunsa a sake. Wata rana aka kawo masa hita a bayan Keke Napep, mai ita na faɗa, ya canja masa sabuwa don a zauna lafiya. Da yamma yaron shagon yana goge tsohuwar sai ya ga tambarin wani shago na Kaduna manne a ƙasanta. Ba shi ya sayar da ita ba sam. Da yana da littafin da yake rubuta lambar jikin kowace hita, minti ɗaya ya isa ya gane. Cikin taran nan naka, ka tabbata duk daga shagonka suka fita?

Kada kuma ka ce daga yau za ka rubuta "kaya in sun fita ba a dawowa". Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi cikin wata uku, a gyara, a canja, ko a mayar masa da kuɗinsa. Tun kafin ita ma, malamanmu sun karantar da mu zaɓin aibi a babin ciniki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Garanti kuwa bashi ne.

Saboda haka sayi littafi. Kowace hita layinta: rana, lambar jiki, sunan mai saye da wayarsa, unguwa, wanda ya kafa. A bayan rasit a rubuta abin da ka ɗauka da abin da ba ka ɗauka ba, da Hausa, a karanta wa mai saye ya sa hannu. Dilan da ba zai ba ka rasit da kati mai hatimi ba, bar shi ko da ya fi sauƙi da ₦5,000. Ka ɗora kamar ₦4,000 a kan farashin kowace, ka ware su gefe don gyara. Ɗan yayanka kuma ya riƙa turo maka hoton bawul da wayar ƙasa, wato wayar da ke kare mutum daga jan wuta, a kowane gida, ya buɗe famfon zafi har ruwa ya zubo sosai kafin ya taɓa makunni. Sai hoto ya zo za ka cika masa kuɗinsa.

Maganar kwantena kuwa, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ranar da ka sa sunanka a jikin hita, kai ne kamfanin, babu wani a bayanka da za ka kai wa kuka. Sai ka nemi takardar SONCAP, wato shaidar ingancin kayan da ake shigowa da su, sai ka tanadi elemen da tamosta na canji, ga kuɗin ruwan banki yana tafiya wata goma sha biyu a kan kayan da kasuwarsu ke ci daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Mutumin da hita 40 suka gagare shi lissafi, ɗaruruwa za su kwantar da shi, har da abokin.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Akwai hita 31 a bangon gidajen mutane, daga Samaru zuwa Tudun Wada, kuma shekarar da ka yi musu alkawari ba ta cika ba. Yanzu ana zafi, ba mai kunnawa. Sanyi na sauka za a kunna su duka kusan cikin mako guda. Ɗauki mai gyaran famfo wanda ba danginku ba, ka sa ɗan yayanka ya nuna muku gidajen, ku bi su ɗaya bayan ɗaya ku duba bawul, ka rubuta lambobin a sabon littafinka tun kafin Nuwamba.