Amsa: Ƙaramar hukuma za ta iya yi wa masu keke hanya a Zariya?

Wa alaikumus salam. Malam, ka tambaya ko ƙaramar hukuma za ta iya ware wa masu hawa keke hanyarsu a Zariya, kuma ta ina za a ɓullo wa lamarin. Za ta iya taɓuka wani abu, amma ba a titunan da yawancinmu muke hange ba.

A fara sanin mai titi. Titin Sakkwato da ya bi ta Kwangila ya ratsa Samaru ya nufi Shika na gwamnatin tarayya ne, haka ma babban titin Kaduna zuwa Kano. Ciyaman ba shi da hurumin jan ko layin fenti a kansu. Manyan titunan cikin gari kuwa akasari na jiha ne: hukumar hanyoyi ta jiha KADRA ke gyaransu, hukumar tsara birane KASUPDA ke da ta cewa kan gini da rumfunan bakin titi, hukumar dokokin hanya KASTLEA kuma kan masu ajiye mota inda bai dace ba. Rabon ƙaramar hukuma shi ne layukan unguwa, hanyoyin burji da ke shigowa daga ƙauyuka, kwatoci, kwalbatoci, fitilun titi, kasuwanni da tashoshin mota. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukanta, har da ba da lasisin keke, amalanke da baro. Sannan gari ɗaya ne amma hukuma biyu. Birni, Tudun Wada da Gyallesu na Zariya ne, Samaru, Hanwa, Muciya da Basawa na Sabon Gari. Takardar da aka kai sakatariyar da ba ita ba, sai dai ta kwana a fayil.

A ganina kada ku rubuta "a gina mana hanyar keke". Za a ce babu kuɗi, magana ta ƙare. Ku nemi gyaran abubuwan da suke kayar da mai keke, waɗanda kusan duk a gefen titi suke.

Yashi ne kan gaba. Ruwan damina yana kwaso shi ya jibge a bakin kwalta, daidai inda keke ke bi. Taya ta gaba na shiga ta karkace, idan aka damƙi birki a wurin kuma sai faɗuwa. Mai keke yana gudun yashin ne shi ya sa yake kutsawa tsakanin Napep da tirela. Kwashe shi aikin leburori ne da shebur da baro, amma in aka yashe kwata aka tara dattin a bakinta, ruwan farko zai mayar da shi. A rubuta a takarda cewa a ɗauke shi a ranar da aka yashe.

Sai gefen kwalta da ya zaizaye, titi ya yi sama, ƙasa ta yi ƙasa. Tazarar santimita biyar ta isa ta kayar da mutum idan ya zo hawa a karkace, musamman mai ɗauke da buhun masara ko jarkoki. Ana cike wurin da jar ƙasa ta marmara, a yayyafa ruwa, a daddanne da injin, a ɗan karkata shi wajen kwata don ruwa ya sauka. In aka zuba aka tafi ba dannawa, damina ɗaya ta wanke shi.

Murfin kwata ma abin lura ne. Idan ramukan da ke tsakanin murafan kankare sun miƙe tare da tafiya, siririyar taya tana faɗawa ciki, wili ya lanƙwashe, mahayi ya wuntsila ta kan kai. A jera su ramin ya gitta hanya, wanda ya karye a canza shi. Tudun rage gudu da jama'a ke yi da kansu a layi, a bar masa ƙofa kamar mita ɗaya daga gefe.

Idan an samu layi mai faɗi da za a iya ware wa keke, mita ɗaya da rabi ne mafi ƙaranci ga masu tafiya gefe guda, masu kai da komowa kuma mita biyu da rabi zuwa uku. Fenti kaɗai ba ya riƙe wuri a garin nan. Kafin ya bushe mai shayi ya kafa tebur, 'yan acaɓa sun yi tasha. Sai an sa dakalin kankare ko turaku, da 'yan ƙofofi don ruwa ya wuce. Kuma a zauna da shugabannin kasuwa da na 'yan Napep tun kafin a fara, in ba haka ba su za su tumɓuke turakun.

Abu mafi sauƙin samu shi ne wurin ɗaure keke a kasuwar Sabon Gari, ta Samaru da makarantun firamare. Bututun ƙarfe mai kaurin santimita biyar, a lanƙwasa shi kamar baka, tsayinsa santimita 75 daga ƙasa, a binne ƙafafunsa da siminti, tsakanin ɗaya da ɗaya mita guda. Kowanne yana ɗaukar keke biyu, kuma duk mai walda zai iya.

Wajen kai koke, ku je a ƙungiyance, da masu gyaran keke da iyayen yara 'yan makaranta. Ku zaɓi layi ɗaya ko biyu, ku auna tsawon wurin, ku ɗauki hotuna bayan an yi ruwa, mai unguwa ya sa hannu. Takarda ta tafi wurin ciyaman ta hannun kansilan mazaɓa, kwafi ga shugaban sashen ayyuka, a buga muku hatimin karɓa a naku kwafin. Ku kai ta tun damina ba ta ɗauke ba, domin a ƙarshen shekara ake haɗa kasafin kuɗi, aikin da bai shiga ba sai baɗi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka kuna da bakin tambayar inda kuɗin gyaran hanya ya shiga.

Na titin Samaru kuwa, ku nemi ciyaman ya rubuta wa FERMA, hukumar gyaran titunan tarayya, da hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa da sunan hukumarsa, ku haɗa da hotunanku, ɗan majalisar tarayya na mazaɓar ya samu kwafi.