Kabureta Uku a Injin Dodge

Tambaya: Malam, ni makanike ne a Gusau. An kawo mini mota ƙirar Dodge ta 1970 mai injin 440 da kabureta uku, amma na gefe biyu ba sa buɗewa idan na ba ta wuta a tsaye.

Amsa: Maigida, wannan ba lalacewa ba ce. Ta tsakiya ce ke tafiyar da motar, na gefe kuwa zuƙar iska ce ke buɗe su, kuma zuƙar ba ta yin ƙarfi sai injin yana jan nauyi a kan hanya. Idan a tafiya ma sun ƙi, duba tiyo da fatar robar da ke jan sandarsu, domin zafinmu yana tsattsage roba, ƙurar hunturu kuma tana toshe ƙananan ƙofofin iska.