Tambaya da Amsa: V8 ko ƙaramin inji mai turbo, wanne zai jure zafin Gombe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Dan Allah shawara nake nema cikin gaggawa, kuɗi sun haɗu kuma dilan da zai turo min motar daga Legas yana jirana. Na tsaya tsakanin motocin Lexus biyu na kamfanin Toyota, LX570 ta 2019 mai injin V8 (silinda takwas) da LX600 mai V6 (silinda shida) da turbo biyu. A Gombe nake zaune, kusan duk wata ina zuwa Abuja ta Bauchi da Jos, ga kuma gona ta wajen Dadin Kowa. Bakanikena yace ƙaramin inji ba zai ɗauki wannan gangar jikin a zafin garin nan ba, sai dai tana zuwa a cire mata tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, a riƙa zuba mata baƙin mai mai kauri. Ni kuma shan fetur na V8 ke tsorata ni. Wallahi abin ya hana ni barci, kuɗin ba kaɗan bane.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, duk wacce ka ɗauka cikin biyun nan mota ce ta gaske. Abin da ya tayar min da hankali a tambayarka shine garejin da kake shirin kai ta, amma bari in fara sallamar maganar injin tukuna.

Cewa V6 ɗin ba zai ja jikin ba, wannan babu ita. Inji mai lita 5.7 na LX570 ƙarfin doki 383 yake bayarwa, mai lita 3.5 na LX600 kuma 409, kuma ƙarfin jansa ya kai 650 Nm tun daga wajen juyi 2,000 a minti, alhali V8 ɗin sai ka taka shi ya haura juyi 3,500 kafin ya baka 546 ɗinsa. A hanyarka ma ƙaramin ne zai fi baka daɗi, don da ka wuce Toro ka fara hawan Jos wadda ta kai wajen mita 1,200 a sama, iska tana raguwa, inji marar turbo yana rasa kusan kashi 10 na ƙarfinsa shi kuwa mai turbo matso iskarsa yake yi ya cike giɓin. Inda maganar ƙaramin inji take da gaskiya shine irin Prado 2.7 mai silinda huɗu ba turbo, wannan kam in ka cika ta da iyali da kaya ga AC kana son wuce tirela biyu a jere tsakanin Alkaleri da Bauchi sai ka yi ta salati, kuma man da kake zaton ka rage ba wani raguwa yake ba tunda kullum ƙafarka na kan totur.

Fetur kuma, a gwajin Amurka 570 tana yin wajen kilomita 6 a lita ɗaya, 600 kusan 8. Kenan a tafiyar kilomita 600 waccan zata sha wajen lita 100 wannan 75, ka lissafa da farashin yau tunda aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Sai dai wannan rarar tana nan ne in kana tuƙi da hankali, in direbanka ɗan gudu ne turbo zata shanye ta.

Abin da zaka biya a madadin rarar shine kulawa. Turbo biyu, bututun iska, famfon mai mai matsi sosai, na'urori birjik, kuma ba ta son man 'yan bumburutu ko kaɗan. Sannan a 2024 Toyota ta yi kiranyen motoci kimanin 102,000 a Amurka, Tundra da LX600 na 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage cikin injin tun daga masana'anta, har ta kai ga canza musu inji. Don haka in 600 ce kuma daga Amurka ta fito, ka karɓi lambar shasi ka sa a duba ko tana cikinsu kuma ko an yi mata aikin, kafin ka tura ko kwabo. Shi kuwa 5.7 tun 2007 aka fara yinsa, an sa shi cikin Tundra da Sequoia da Land Cruiser, kayansa daga kasuwar Kofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna zuwa Ladipo a Legas ba wahala. Da ni ne, in a Gombe za a riƙa taɓa min mota kuma shekaru da yawa zan riƙe ta, 570 zan ɗauka in haƙura da shan man. Amma tunda duk wata kana Abuja, in zaka iya ɗaure kanka duk sabis a can za a yi wajen masu kwamfutarta, ɗauki 600 ba komai.

To yanzu maganar tamostat, wadda ita ce na gaji da ita wallahi. Kusan kullum sai an kawo min mota na kwance gidan tamostat in tarar da shi wayam, an shafe bakin da gam an ɗaure, mai motar kuma yana murna wai allurar zafi ba ta ko motsi. Ai rashin motsin nan shine ciwon. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 95, tamostat ɗin yana rufe da safe don injin ya yi saurin kaiwa can, ya kai wajen 82 ya fara buɗewa. In ka cire shi, da asubar hunturu ka tashi daga Gombe kana gudu iska na dukan lagireto, injin zai iya kaiwa Bauchi bai ɗau zafin da yake buƙata ba. Kwamfutar motar tana ganin sanyi sai ta yi ta ƙara fetur tana jiran ya ɗumama, fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke maiƙon jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Zaro sandar awon mai ka shinshina, warin fetur zaka ji, ka buɗe murfin da ake zuba mai ka ga wani farin kumfa mai yauƙi a jikinsa don raɓar da ke cikin injin ba ta samu zafin da zai kore ta ba. Fulogi su yi baƙi, katalis na salansa ya toshe, shan mai ya ƙaru, sai mai mota ya dawo yana cewa V8 ɗin nan ta fiye ci, alhali da kuɗinsa ya biya aka lalata masa ita.

Kuma abin haushin, ko zafin ma ba ya maganinsa. A injina da yawa tamostat in ya buɗe shi ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji, ya tilasta masa bi ta lagireto. Ka cire shi wani ruwan ya riƙa bin gajeriyar hanya bai je ya huce ba, ranar da ka ɗauko kaya da rana tsaka a watan Afrilu kana hawan tudu da AC sai ka ga tururi. In mota na zafi akwai dalili, ko lagireto ya toshe, ko fanka ta yi rauni, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfin lagireto ya daina riƙe matsi, ko gasket ya fara tafiya, ko shi tamostat ɗin ne ya maƙale, to sai a canza shi da sabo na asali. Neman dalilin ne ke da wahala shi yasa ake cirewa a jefar a ce an gyara.

Wai ƙasarmu da zafi. Alhaji kai da ka je Makka ka ga motocin nan a titi, a Saudiyya da Dubai zafi na kusantar digiri 50, Land Cruiser ce motarsu ta sahara kuma da tamostat ɗinsu suke yawo. Wane zafi ne a Gombe da ya fi wannan?

Baƙin mai mai kauri kuma gadon zamanin Peugeot 504 ne da ake haɗawa a Kaduna, lokacin kafireto, 20W-50 ya dace da ita don haka aka ƙera ta. Yaro ya koya wajen ogansa, ogan ya koya a jikin 504, har yau babu wanda ya buɗe littafin mota ya karanta. Injin LX600 mai marar kauri, 0W-20, aka rubuta masa. Turbo tana juyi sama da 100,000 a minti, kuma man da ke riƙe sandarta ta wani siririn bututu yake zuwa, ka zuba mai kauri kamar ka ce kunu ya bi ta hancin buta ne, da safe sandar zata yi ta juyi a bushe kafin ya iso. Ba rana ɗaya take mutuwa ba, sai an ɗau watanni ka fara jin fito, sai shuɗin hayaƙi, sai bakaniken nan dai ya kalle ka yace ai na faɗa maka ƙaramin inji ba ya jure zafi. Haka jita-jitar take yaɗuwa daga majalisa zuwa majalisa, kowa na zagin turbo, babu mai tambayar wane mai aka zuba. V8 ɗin ma ba tsira ya yi ba, haƙurinsa ne ya fi tsawo, na'urar da ke juya kamshaf ɗinsa da matsin mai take aiki ita ma. Ga masu cika lagireto da ruwan rijiyar burtsatse har ka leƙa ka ga farin gishiri da jan tsatsa sun cinye hanyoyin.

'Yan uwana kanikawa ku ji tsoron Allah, dukiyar mutane amana ce a hannunku. Mutum ya tara miliyoyi ya miƙa maka makulli don ya yarda da kai, in baka san injin ba ka ce baka sani ba ka tura shi gaba, arzikinka ba zai ragu ba. Injin da ya tsaya wa mutum da iyalinsa da daddare tsakanin Bauchi da Jos a wannan zamanin, ba maganar kuɗi kaɗai bace kuma.

Kai kuma Alhaji, ko 570 ce ko 600, ranar da aka sauke ta kar kowa ya ɗaura mata sifana sai an sa kwamfuta an karanta ta, a bar ta tana aiki a ga zafin ya hau ya tsaya inda ya kamata, don wasu tun a Legas ake cire musu. A juye man da ta zo da shi a zuba wanda littafinta ya ce da filta ta asali, ruwan lagireto kuma na Toyota mai launin ruwan hoda. Da ƙurarmu da irin fetur ɗinmu kar juyen mai ya wuce kilomita 5,000, filtar iska a riƙa dubawa duk lokacin hunturu musamman in kana shiga gona. Shi kuma bakaniken naka ku ci gaba da gaisawa, ka kai masa birki da taya in kana so, amma bonet ɗin wannan motar kar ya buɗe.