Tambaya da Amsa: Yadda Ake Tsara Kwasa-kwasan Digirin Nazarin Muhalli

A wannan fitowa mun zaɓi wasiƙu huɗu kan karatun muhalli a jami'a, malaman da ke koyar da fannin suka amsa.

Assalamu alaikum. Na samu gurbin karatun kula da muhalli, zan shiga aji ɗaya. Abin da ya ja ni shi ne kwararowar hamada da dashen itatuwa, sai ga kimistiri da fiziks da lissafi a jerin kwasa-kwasan. Wanne zan fi ba ƙarfi? (Ɗaliba daga Dutse)

Wa'alaikumus salam, 'yata. Kafin ki yi rajista, nemi kundin sashenku, ki buɗe shafin aji huɗu, ki karanto baya zuwa aji ɗaya. Za ki ga kusan kowane kwas na sama yana da wanda ya dogara a kai. Gurɓatar ruwa da ƙasa ba ta fahimtuwa sai da kimistiri, nazarin yanayi na buƙatar fiziks, furojek ɗin ƙarshe kuwa ƙididdiga ce ƙashin bayansa. Ko dashen itatuwan da kike so, wanda bai iya auna gishirin ƙasa da ɗanshinta ba zai yi ta dasa abin da ba zai kai rani ba.

A manhajar karatun jami'o'i ta CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, kashi 70 cikin ɗari na kwasa-kwasan bai-ɗaya ne a faɗin ƙasa, kashi 30 jami'a ke cikawa da nata. A cikin wannan kashi 30 da kwasa-kwasan zaɓi za ki samu abin da ya shafi ƙasar fari da busassun yankuna. Shawararmu: kimistiri da ƙididdiga tun yanzu, sannan GIS, wato zana taswira da nazarinta a kwamfuta, da zarar kin shiga aji biyu. Kada ki jira a koya miki a lakca. Manhajar QGIS kyauta ce, ki sauke ta ki fara da taswirar unguwarku.

Ina aji biyu, na faɗi wani kwas mai yunit uku (yunit shi ne nauyin da ake ba kowane kwas). Ina so in ɗauki yunit da yawa a zango mai zuwa don in cike giɓin. Daidai ne? (Ɗalibi daga Zariya)

Ɗana, fara da lissafin. A ma'aunin maki biyar, A biyar ce, B huɗu, C uku, D biyu, E ɗaya, F sifili. Wanda ya ɗauki yunit 20 ya ci B a duka, makinsa 80 ne, GPA ɗinsa, wato matsakaicin makin zango, 4.00. In ya faɗi kwas ɗaya mai yunit uku, makinsa ya koma 68, a raba da 20, ya sauko 3.40. Kuma a yawancin jami'o'i wannan F ɗin ba ta goguwa daga CGPA, wato matsakaicin makin duk zangunan, ko ka sake rubuta kwas ɗin ka ci. Tunda sakamako mai daraja ta biyu babba (Second Class Upper) daga 3.50 yake farawa, ka ga inda faɗuwa ɗaya ke kai mutum.

Ƙa'idar da aka saba ita ce yunit 15 zuwa 24 a zango. Kari-oba, wato kwas ɗin da aka faɗi za a sake, ita ake fara sa wa a rajista, sannan kwasa-kwasan dole, zaɓi ya zo ƙarshe. Cika 24 ɗin don kawai an yarda ba dabara ba ce a fannin da ke da firaktikal da fita fili, domin rahoton gwaji ɗaya kan cinye yamma guda.

Abin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba shi ne zangon da kwas ɗin yake. Kwas na zango na biyu sai a zango na biyu ake sake shi. Inda ake fita SIWES, wato koyon aiki a ma'aikatu, a zango na biyu na aji uku, wanda ya faɗi irin wannan kwas a aji biyu ba zai sake samunsa ba sai a zangon ƙarshe na aji huɗu, tare da furojek. In ya sake faɗi, shekara ta ƙaru. Ka je wurin malamin da ke kula da ajinku da jadawalin lakca a hannu, ku duba ko lokacin kari-obar ya ci karo da wani kwas na dole kafin a rufe rajista.

Malam, yaushe ya kamata in zaɓi batun furojek, kuma ina ya fi dacewa in yi SIWES? (Ɗaliba daga Kano, aji uku)

'Yata, ki haɗa su wuri guda, ki zaɓi batun kafin ki fita SIWES. Dalili shi ne damina ba ta bin kalandar jami'a. Mai son kwatanta ruwan rijiyoyi a rani da damina, in ta jira sai an raba masu duba furojek a aji huɗu, ɗaya daga cikin lokutan ya wuce ta. Watannin SIWES dama ce ta tara bayanai, musamman a wurin da ke da ɗakin gwaji ko bayanan da aka daɗe ana ajiyewa: hukumar ruwa ta jiha, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta NESREA, hukumar hasashen yanayi ta NiMet, ma'aikatar muhalli, ko kamfanin da ke rubuta rahoton tantance tasirin ayyuka kan muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka. Ki guji ofishin da za a zaunar da ke kina jera fayil, ko da ya fi kusa da gida. Littafin aiki kuma kullum ake cika shi, a sa hannu mako-mako.

Batun ya zama ƙarami, mai aunuwa. "Gurɓatar ruwa a Kano" ya yi faɗi. Sinadarin kuromiyam a rijiyoyin da ke kusa da masana'antun jima na Challawa ko Sharaɗa abu ne da za ki iya gamawa. Tun farko ki tambayi kuɗin gwada samfur ɗaya a na'urar AAS mai auna ƙarafan da ke cikin ruwa, ki ninka da yawan samfura da yawan ƙarafan da za ki nema, domin a nan furojek da yawa ke tsayawa.

Wurin ɗibar ruwa ake yawan ɓata aiki. Samfurin ƙarafa a gorar roba mai tsabta ake zuba shi, a ɗauraye ta sau uku da ruwan wurin, a ɗiga asid na naitirik har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba ƙarfen zai manne a jikin gorar, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Na ƙwayoyin cuta kwalbarsa daban, wadda aka kashe wa ƙwayoyi, ba a ɗauraye ta, a sa a cikin kula mai ƙanƙara a kai ɗakin gwaji cikin awa shida. Zafin ruwa da pH a bakin rijiyar ake aunawa. Kowace gora ta ɗauki lamba, kwanan wata da lambobin GPS. Sannan ki san ma'aunin da za ki kwatanta da shi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 0.05 a lita ga kuromiyam, 0.01 ga dalma, 50 ga naitiret.

In hotunan tauraron ɗan'adam za ki yi amfani da su, na Landsat da Sentinel-2 kyauta ne. Amma ki kwatanta wata ɗaya da takwaransa na wata shekarar. Wanda ya jera hoton Satumba da na Maris zai ga kore ya ɓace ya ce hamada ce, alhali rani ne kawai.

Ɗana yana son karatun muhalli, zai cike JAMB. Na ga tsangayoyi da dama masu wannan suna. Duk ɗaya ne? (Wani uba daga Gusau)

Ba ɗaya ba ne, Alhaji, kuma yara da yawa sun shiga abin da ba su nema ba ta nan. A Najeriya tsangayar da ke ɗauke da sunan muhalli sau da yawa ta gine-gine ce. Ta Jami'ar Ahmadu Bello, misali, ta ƙunshi zanen gine-gine, tsara birane da ƙiyasin kuɗin gini. Mai son aiki kan ruwa, ƙasa, shara, ko irin gubar dalmar da ta addabi ƙauyukan Zamfara a 2010, sashen kula da muhalli yake nema, kamar na Jami'ar Bayero da ke Kano, ko kuma labarin ƙasa. Ku duba sunan sashen da jerin kwasa-kwasansa, ku tabbatar NUC ta amince da shi, sannan ku duba darussan da jami'ar ke nema a kundin JAMB na shekarar, domin sukan bambanta daga jami'a zuwa jami'a. In yaron yana da zaɓi tsakanin darussa a WAEC ko NECO, kada ya saki kimistiri.