Me ake nufi da "ma'ajiya marar kariya" a kwamfutar AS/400?

Tambaya: Ina kula da kwamfutar IBM AS/400 a wurin aikinmu. Duk lokacin da na buga WRKSYSSTS, umarnin da ke nuna halin da na'urar take ciki, sai in ga wani layi mai suna "Current unprotect used", wato yawan ma'ajiya marar kariya da ake amfani da ita, kuma adadinsa kullum ƙaruwa yake yi. Faifanmu suna kan RAID-5, wato tsarin haɗa faifai cikin rukuni ɗaya don kare bayanai. Shin wani ɓangare na bayananmu ba shi da kariya ne?

Amsa: Kwantar da hankalinka, Malam. Sunan ne ya ruɗe ka, kuma ba kai kaɗai ya taɓa ruɗawa ba. Wannan layi ba ya magana a kan lafiyar faifai ko kaɗan. Yana nuna yawan wurin da abubuwan wucin gadi suka cinye ne, wato abin da ayyukan da ke gudana suka ara don su yi aiki, kamar tarin sakamakon tambayoyin SQL, wato binciken da ake yi a rumbun bayanai.

Sunan gado ne. Tun zamanin farko na AS/400, wadda IBM ta fitar a 1988, akwai wata kariya da ake kira checksum, wadda manhaja ce ke yin lissafinta. Lissafin yana da nauyi, don haka sai aka ware wani yanki da ba a yi masa shi, aka zuba abubuwan wucin gadi a ciki. To, me za a kare a abin da za a share da zarar an yi IPL, wato an sake tayar da na'urar? Daga baya checksum ya kau, amma sunan ya ci gaba da zama a allon. A kan RAID-5, duk abin da ya sauka kan faifan da ke cikin rukunin yana samun kariya iri ɗaya, na dindindin ne ko na wucin gadi.

In kana son ganin ainihin kariyar, buga WRKDSKSTS, umarnin da ke nuna halin faifai, ka danna F11. Ka duba kowane faifai da kyau, domin wannan na'ura tana watsa bayanai a kan dukkan faifan da ke cikin ASP guda, wato tarin faifan da take ɗauka a matsayin ma'ajiya ɗaya. Faifai ɗaya marar kariya ya mutu, ASP ɗin gaba ɗaya sai an dawo da shi daga tef. RAID-5 yana jure mutuwar faifai ɗaya, RAID-6 kuma biyu.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a tambayarka shi ne ka ce adadin kullum hawa yake. Hawa da sauka ba komai ba ne. Hawa babu sauka kuwa alama ce ta cewa wani aiki yana ara ba ya mayarwa, kuma wurin da yake cinyewa daga ASP na tsarin, wato babbar ma'ajiyar na'urar, yake fitowa. Idan ya cika maƙil, na'urar tsayawa take yi cak. Nemo mai laifin ta WRKACTJOB, umarnin da ke jero ayyukan da ke gudana, ka ga aikin da ya fi riƙe ma'ajiyar wucin gadi. Sau da yawa tsayar da shi kaɗai ya isa, ba sai an kai ga IPL ba. Sannan ka leƙa saitunan na'urar guda biyu, QSTGLOWLMT da QSTGLOWACN, su ne ke tsara lokacin da za a gargaɗe ka da matakin da na'urar za ta ɗauka in wuri ya kusa ƙarewa.