Tambaya da Amsa: Kurmin Bakin Teku da Halittun Cikinsa

Tambayoyin wannan fitowar sun karkata ne ga dazuzzukan bakin teku, daga Legas zuwa Kalaba da gaɓar Ghana. Mun haɗa waɗanda suka yi kama da juna.

Wani ɗalibi daga Kano: Na ga hoton itatuwa a Neja Dalta tsaye cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu duk a waje. Yaya suke rayuwa, alhali gishiri kaɗan ke kashe shuka a gona?

Malam, itacen mangurob ka gani, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka faɗin kurminsa. Matsala biyu yake fama da su, gishiri da rashin iska a cikin laka, kuma ta biyun ce ta sa saiwoyin suka fito waje. Lakar bakin teku a toshe take da ruwa, iska ba ta ratsa ta. In ka tona za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. To saiwa kuwa dole ta yi numfashi.

Jan mangurob, wanda shi ya mamaye yawancin kurmin namu, yana fitar da saiwoyi daga gangar jikinsa da rassansa, su lanƙwaso su shige laka. A jikinsu akwai 'yan ƙofofi da ke shaƙar iska duk lokacin da ruwa ya janye. Saiwoyin kuma suna tace ruwan tun daga waje, su hana mafi yawan gishirin shiga. Baƙin mangurob nasa salon daban. Saiwarsa tana kwance ƙarƙashin laka, amma tana turo dubban tsinkaye sama kamar an kafa fensirori, da su yake numfashi. Shi yana barin gishirin ya shiga, sannan ya fitar da shi ta ganye. Da rani za ka ga farin gishiri ya bushe a kan ganyen.

Daga nan za ka gane dalilin da ɗanyen mai ke yi wa kurmin mummunar ɓarna. Man yana manne wa saiwoyin daidai inda ƙofofin numfashin suke, itacen ya shaƙe a tsaye. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya ce farfaɗo da yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Wani ɗan kasuwa mazaunin Fatakwal: Mun ɗauki kwalekwale mun shiga kurmin da 'yan'uwa, ban da ruwa da ganye ba mu ga komai ba. Dabbobin sun ƙare ne?

Alhaji, suna nan, lokacin ne ba ku dace da shi ba. A bakin teku ruwa ke tsara komai. Yana cikowa sau biyu ya janye sau biyu a yini da dare, tsakanin cikowa da cikowa awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin ke matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. In yau ruwa ya janye da ƙarfe takwas na safe, gobe sai wajen tara saura minti goma. Wanda ke bin lissafin watan Musulunci ya samu sauƙi: cikowa mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne wajen tsayuwar wata da kuma 14 zuwa 16 gare shi. Wajen 7 da 22 ga wata kuwa bambancin kaɗan ne. Tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa kusan mita ɗaya ce a Legas, tana ƙaruwa in aka yi gabas, har ta haura mita biyu wajen Kalaba.

Ka isa wurin saura awa biyu ruwa ya gama janyewa, ka samu bakin laka, a kashe inji, kowa ya natsu minti goma. Kaguwa ce za ta fara fitowa daga ramuka, ɗaruruwa. Namijin yana da hannu ɗaya ƙato da yake ɗagawa yana kaɗawa don jawo mace da korar abokin hamayya. Da ƙaramin yake cin abinci, yana tsince lakar yana barin 'yan dunƙule a baya. Sai wani kifi mai idanu a saman kai wanda ke tsalle a kan laka, har yakan hau saiwa. Yana riƙe ruwa a kumatunsa, yana kuma numfashi ta fata muddin tana da danshi, shi ya sa za ka ga yana ta birgima a jiƙaƙƙen wuri. A jikin saiwoyin za ka ga kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu, a manne, a ƙasa kuma 'yan dodon koɗi masu tsini da mutanen yankin ke sa wa a miya.

Tsuntsaye sun fi yawa daga Satumba zuwa Afrilu, lokacin da baƙi daga Turai ke saukowa su cakuɗu da zalɓe da balbelar gida. Da almuru, a wasu wuraren, aku kan zo kwana a kurmin garke-garke, ko da yake masu kama shi sun rage shi ƙwarai. Tun 2017 aka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Ayu ma yana nan, irin wanda ake samu a Binuwai da Kwara, amma kada ka sa rai da ganinsa, hancinsa kawai yake fitarwa ya koma.

Abu uku ke ba baƙo wahala. Ɓawon kawa yana yanka ƙafa, don haka a sa takalmi rufaffe mai igiya, silifa laka za ta cinye. In ƙafa ta nutse har gwiwa, kada a yi ta fizga. A kwanto da jiki a baza nauyi, a zaro ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Na ukun ya fi haɗari: ƙaramin rafin da kuka bi kuka shiga zai iya zama laka zalla cikin awa ɗaya, ku kwashe awanni kuna jiran ruwa, ga sauro da ƙananan ƙudaje masu cizo. Kada a shiga sai da ɗan gari.

Wata uwa daga Agege: Ina zan kai yara su ga irin wannan daji ba tare da shiga jirgin ruwa ba?

Hajiya, ki kai su gandun kiyaye halittu na Lekki, wanda gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya ta kafa a 1990. Hekta 78 ne na kurmin fadama da fili, da hanyar katako a kan ruwan, da gadar sama mai tsawon mita 401 ga waɗanda suka isa hawa. Ku je da sassafe. Birai suna da yawa kuma sun saba da mutane, a ɓoye abinci cikin jaka, kada yaro ya riƙe a hannu. In kun zarce bakin teku, ki kula da wurin da igiyar ruwa ba ta fashewa, ruwan ya yi duhu ya kwanta. Nan ne ruwa ke komawa ciki da ƙarfi, kuma nan ne wanda bai sani ba ke zaɓa don ya ga ya fi natsuwa. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa idon sawu.

Wani matashi daga Nima, Akara: An ce kunkurun teku na fitowa yin ƙwai a Ada, a gaɓar Ghana. Yaushe ne, kuma me ya kamata mutum ya yi in ya ci karo da ramin ƙwan?

Gaskiya ne, ɗan'uwa. Lokacin yakan kama daga wajen Oktoba zuwa Maris, ya fi ƙarfi Nuwamba zuwa Janairu, kuma da dare suke fitowa. Akwai ƙarami mai nauyin kilo 40 ko kusa da haka, akwai babba mai bayan fata wanda ke haura kilo 300. Macen tana haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai kusan 100, ta binne ta koma. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fito. Zafin yashi ke raba jinsi: sama da digiri 29 mata sun fi yawa, ƙasa da haka maza.

Ka bi ma'aikatan gandun daji na yankin, don dokar Ghana tana kare kunkurun da ƙwansa tun 1971. A tsaya a bayanta, ba tocila, ba hasken waya. In ta tsorata kafin ta fara zubawa, komawa ruwa za ta yi. Ƙwan kuma kada a taɓa: awanni kaɗan bayan zubawa ɗan tayin ke manne wa ɓawon daga ciki, juya shi kawai ya isa ya kashe shi. In ramin na cikin haɗarin ruwa ko karnuka da aladu, sanar da ma'aikatan. 'Ya'yan suna bin inda ya fi haske ne, wanda a asali shi ne sararin teku, don haka fitilar otal ko ta titi kan ja su tudu su mutu. Kuskuren masu tausayi shi ne tara su a bokiti zuwa safiya. Ɗan ƙarfin da suka fito da shi na yin iyo ne su tsere daga gaɓa, a bokiti suke ƙarar da shi.

Wata mai bautar ƙasa a Akwa Ibom: Mun dasa mangurob da ɗalibai, yawancinsu sun mutu cikin wata uku. Ina matsalar take?

Malama, galibi wuri ne, ba iri ba. Masu dashe suna son buɗaɗɗiyar laka ta can ƙasa saboda sauƙin aiki, alhali itacen ba ya jure zama cikin ruwa fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na lokaci. Wurinsa daga tsakiyar tazarar cikowa da janyewar ruwa ne zuwa iyakar cikowa. Dubi inda ƙananan da suka tsiro da kansu suka tsaya a kurmi mafi kusa, ki kafa sanda ki auna inda ruwa ke kai musu, ki nemi daidai wannan tsayin. In kuma hanya ko tulin yashin da aka yaso ya toshe rafin, a fara buɗe shi. Sau da yawa in ruwa ya dawo yana shige da fice, irin yakan zo da kansa.

Irin jan mangurob a kan uwar yake tsira, ya zama doguwar sanda mai santimita 30 ko fiye kafin ya faɗo. A zaɓi wanda ya nuna, mai cirewa ba da ja ba, marar hudar ƙwaro. A ajiye a inuwa da danshi, kada ya wuce mako guda. A soka kashi ɗaya cikin uku a laka, kan da toho yake a sama, tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wato tsakanin 10,000 da kusan 4,400 a hekta. A riƙa zagayawa duk mako ana cire leda da tarkacen da ruwa ya kawo, don su ke kwantar da dashen, a kuma maye gurbin wanda kaguwa ta gutsure.

A yankinku akwai ƙarin matsala, wato kwakwar nipa da aka shigo da ita Kalaba daga Asiya a 1906. 'Ya'yanta suna yawo a ruwa, duk inda aka sare mangurob don itacen bandar kifi sai ta rigaye shi kama wurin. Ba ta da saiwoyin da kawa ke mannewa, ko waɗanda 'ya'yan kifi da jatan lande ke fakewa a ciki, kuma busasshen jatan landen da ake kawowa kasuwannin Arewa daga Oron yana cikin abin da ke dogara da wannan mafakar. Sara ɗaya ba ya kashe ta, domin gangar jikinta a kwance take cikin laka. A sare ganyen daga tushe, a maimaita duk lokacin da ta toho, a kwashe 'ya'yan zuwa tudu inda ruwa ba ya kaiwa, sannan a dasa.